Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa Da Dandalin Uhola Na Zuru

A manyan biranen duniya akwai wani irin wasan kwaikwayo wanda a ke haɗa magana da waƙa da rawa a cikinsa, a yi shi a gaban jama'a ido da ido. Akan gina masa gida na musamman, da kujeru jeri-jeri, da dandamali a gaba inda 'yan wasa ke tsayawa, da wani wuri a gindin dandamalin inda makaɗa ke zama. Mutum ya sayi tikiti ya shiga, a rage fitilu, a ɗaga labule. Sai a ga mutum biyu suna zance kamar yadda kowa ke yi, can zancen ya yi nauyi har magana ta kasa ɗaukarsa, sai ɗayansu ya ɓarke da waƙa, makaɗa su tarbe shi. A birnin Niyok na Amurka akwai unguwar da a ke kira Burodwe, wadda ta shahara da wannan sana'a, a Landan ma akwai irinta. Wani wasa mai suna The Phantom of the Opera an fara shi a Burodwe cikin 1988, ba a tashi ba sai cikin 2023. Watau shekara 35 ke nan ana abu ɗaya, ban da lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gidajen wasa, mutane kuwa ba su fasa biyan kuɗinsu ba.

Wanda ya tashi a Zuru, ko Dabai, ko Ribah, in ya ji wannan labari zai ce abin na Turawa ne da attajiran Ikko, watau Legas. Gidan da labulen nasu ne, babu musu. Amma abin da ke kai mutum cikin gidan, watau ya ga labari ana rera shi ana taka shi a gabansa, wannan kam mutumin Zuru ya san shi tun yana goye, gama ya ga Uhola. Saboda haka ya cancanta a auna biyun a kan mudu ɗaya, a ga abin da kowanne ya fi ɗan'uwansa, da abin da ke zubewa sa'ad da aka ɗauko wasa daga dandali aka ɗora shi a kan dandamali.

Ba kowane wasa da aka cusa wa waƙa ya ke zama wasa mai waƙa ba. Akwai ma'auni mai sauƙi da mai kallo zai riƙe: ya cire waƙar a zuciyarsa, ya duba abin da ya rage. In labarin ya tsaya daram bai rasa kome ba, to, waƙar nan 'yar rakiya ce, an sa ta ne don a ja lokaci. In kuwa labarin ya gurgunce, har ba a gane dalilin da ya sa wance ta ƙi wane, to, waƙar ta yi aikinta. Su kansu Amurkawa sun daɗe kafin su tsaya a kan wannan. Da yawa daga wasanninsu na farko tarkace ne, a yi ɗan barkwanci, a fito da 'yan mata su yi rawa, wani mai murya ya yi waƙar da ba ta da dangi da labarin. Cikin 1943 Richard Rodgers, mai tsara kiɗa, da Oscar Hammerstein, mai rubuta baitoci, suka fito da wasan Oklahoma!, aka yi shi sau 2,212 a jere a Burodwe, ya zama abin koyi ga na bayansa. A cikinsa kowace waƙa tana tura labari gaba. Har akwai wata doguwar rawa ta mafarki, wadda ta nan ne mai kallo ke gane tsoron da ke cikin zuciyar yarinyar wasan. Labarin kuwa, abin mamaki, na ƙauye ne: yarinya ce a gona, manema biyu suna sonta, ɗaya makiyayi, ɗaya ɗan ƙodago a gonar gidansu. Mai karatu ya riƙe wannan, za a komo kansa.

Yaran ƙasar Hausa ba su taɓa jin sunan Rodgers ba, amma ma'aunin nan yana hannunsu. A dubi tashe, wanda a kan fara in azumi ya kwana 10. A wasan Mairama da Daudu wata yarinya ta kan sa riga da hula ta zama maigida, wata ta zama amarya, sauran su yi ta faɗa wa amaryar cikin waƙa abin da za ta yi wa mijinta, ita kuwa tana aikatawa nan take. A cire waƙar nan a gani, ba abin da zai rage sai yara biyu suna kallon juna. Haka Jatau Mai Magani, wanda duk hajarsa da cika bakinsa a cikin waƙa su ke. Wasanni ne gajeru, ba su da labule ba su da tikiti, ladansu ɗan hatsi ko 'yan kuɗi a ƙofar gida, amma ɗinkin waƙa da aiki a cikinsu ya fi na manyan wasanni da yawa da a ke kashe wa dukiya.

Uhola ta fi tashe girma nesa ba kusa ba. Biki ne na Lelna, mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari, masu harshen C'lela, waɗanda ƙasarsu ke kudancin Jihar Kebbi. Akan yi shi bayan amfanin gona ya zo gida, don godiya, da kiɗa da waƙa da rawa da kokawa. Amma ƙashin bayansa shi ne golmo. Bisa ga al'adar Lelna ta asali, saurayin da ke neman aure ya kan yi wa surukinsa noma har shekara 7, kuma ba shi kaɗai ya ke yi ba, ƙungiya ce ta samari tsararraki, yau su faɗa gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Wani Baturen mulki, P. G. Harris, ya rubuta bayanin wannan al'ada tun cikin 1938. A Uhola ne jama'a ke shaida waɗanda suka cika wa'adinsu, da 'yan matan da suka isa aure.

To, a nan ne hikimar abin ta ke. Saurayin da ya shigo fili yana taka rawa, duk wanda ke gefen filin ya san shi. An san gonar da ya noma, an san shekarar da ruwa ya yi gardama bai gudu ba, an san wanda aka fara tare da shi ya kasa. Yarinyar da ta fito cikin adonta, an san wanda ta jira. Labarin wasan an riga an yi shekara 7 ana rubuta shi da fartanya, ranar biki ƙarshensa kaɗai a ke nunawa. Shi ya sa rawar da baƙo zai gani ya ce tsalle-tsalle ne, tsohuwar da ke kusa da shi za ta gani ta share hawaye.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma gani ma iri-iri ne. Yau kowa na iya ganin Uhola a cikin wayar hannunsa yana kwance a ɗaki, sai dai abin da ya gani ɗin inuwa ce. Ganga a fili ba kunne kaɗai ke jinta ba, har ƙirji. Sa'an nan makaɗi na gari ba ya kiɗa idonsa a rufe, ƙafar mai rawa ya ke kallo. In ya ga ƙafar ta yi zafi ya ƙara mata wuta, in ya ga ta fara sanyi ya sassauta don kada yaron ya ji kunya a gaban surukai. Mai rawa kuma yana sauraron jama'a: guɗa ɗaya daga bakin gwaggonsa ta isa ta sa ya ƙara zagaye biyu da bai yi niyya ba. Ashe mutum uku ke yin wasan, da makaɗi, da mai rawa, da mai kallo. Ga kuma kasada. Murya na iya sarƙewa, ƙafa na iya zamewa, ɗan kokawar da a ke ji da shi na iya shan ƙasa, ba kuwa mai cewa a tsaya a sake. Wannan kasada ita ce a ke saye da tikiti a Burodwe. In ba don ita ba, me zai sa mutum ya biya kuɗi mai yawa ya ji waƙar da ya ke da faifanta a gida?

A da kowane gari da tasa Uholar. Daga baya aka sami babbar Uhola ta masarauta a cikin garin Zuru, aka haɗa ta da nunin amfanin gona, ana gayyatar manyan baƙi daga nesa. A zamanin Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo na biyu, tsohon janar na soja wanda ya rasu cikin 2025, sunan bikin ya kai wurare da yawa a wajen jihar. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Yaron da aka haifa a barikin soja a Ikko ko Kaduna, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya sami ranar da zai zo ya ga abin kakanninsa, garuruwan da ba su cika haɗuwa ba kuma su ga rawar juna.

Amma duk bikin gargajiya da aka kawo gaban rumfar manya, a ko'ina cikin ƙasar nan, akwai harajin da ya kan biya. Da'ira ta kan buɗe ta zama layi, masu rawa su juya wa danginsu baya su fuskanci kujeru. Jawabai su ci rabin yini. Ƙungiyar da ta yi tafiya mai nisa a ba ta ɗan lokaci kaɗan, kafin jikin masu rawa ya yi ɗumi mai lasifika ya ce a ba na baya wuri. Mafi tsanani kuwa, baƙon da ke cikin rumfa bai san kowa ba, bai ji C'lela ba, bai san mene ne golmo ba, saboda haka ba abin da ya rage masa sai ado da ƙura. Ya tafa, ya ce abin ya yi kyau, ya shiga motarsa. In aka aza wannan a kan ma'aunin nan na farko, za a ga abin ya juye ne: a wancan an sami labari da waƙar da ba ta yi masa aiki ba, a nan kuwa ga waƙa ga rawa, labarin ne aka baro a ƙauye. Waƙar dandali kuma, ko ta Hausawa ko ta maƙwabtansu, ba ta rasa ɗan habaici ga rago da marowaci da mai dogon hannu, amma a gaban manyan baƙi harshe ya kan yi laushi, yabo ya cinye sauran.

Yarabawa sun gamu da wannan matsala tun da daɗewa, sun kuwa sami mafita. Duro Ladipo ya ɗauki gangunan bata da kirarin Sango, waɗanda asalinsu na wurin bauta da biki ne, ya gina wasan Oba Koso cikin 1963. Bai jera raye-raye kawai ya ce ga al'ada ba. Ya ba su labari mai kai da gindi: sarki ne mai ƙarfi a Oyo, jarumawansa biyu suka gagare shi, ya haɗa su faɗa don ya huta, dabarar ta komo kansa har ta kai shi ga hallaka. Aka kai wasan Balin ta Jamus cikin 1964, aka kai shi Ingila cikin 1965, da Yarabanci a ke yinsa, ya kuwa sami karɓuwa wurin mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya. Hassada da tsoro da nadama ba su bukatar tafinta in an tsara su sosai.

Hubert Ogunde shi kuma ya nuna cewa wasa mai waƙa na iya hawa dandamali da haƙoransa. Tsohon ɗan sanda ne, ya fara wasa a Ikko cikin 1944, ya riƙa loda 'yan wasansa da gangunansa a mota yana bin garuruwa har Arewa. Da 'yan sandan mulkin Turawa suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu cikin 1949, sai ya mai da abin wasa mai suna Bread and Bullet, hukuma ta hana nuna shi a waɗansu garuruwan Arewa. Cikin 1964 ya yi Yoruba Ronu, labarin sarkin da mataimakinsa ya ci amanarsa. Kowa ya gane da wa a ke, Gwamnatin Jihar Yamma ta hana ƙungiyarsa wasa a ƙasarta, ba a ɗage hanin ba sai cikin 1966. Ba a hana abin da ba a jin tsoronsa. Littafi akan karanta shi a ɗaki mutum ɗaya, amma waƙar da mutum ɗari biyar suka amsa tare a dare ɗaya, da safe tana kasuwa.

A wajen Hausa abin ya rabu biyu, kowane rabi ya kama hanyarsa. Rubutaccen wasan kwaikwayo, tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau zuwa Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, waɗanda suka fito cikin 1959 da 1960, ya ba da ƙarfinsa ga zance. Zancen kuwa mai daɗi ne, musamman na Maƙarfi, wanda ya san bakin 'yan birni, amma makaɗi bai sami babbar kujera a ciki ba. Waƙa da rawa sai suka bi ta silima. Mutanen Arewa sun yi shekaru suna kallon finafinan Indiya, da aka fara na Hausa a Kano da Turmin Danya cikin 1990 ba a daɗe ba waƙa ta shigo, bayan Sangaya na 1999 kuwa ta zama kamar dole. Akwai masu kyau a ciki, ba a hana su yabonsu. Sai dai da yawa ba su tsallake ma'aunin ba: ana cikin rigimar gado sai a ga saurayi da budurwa a lambu sun sauya tufafi sau uku, a gama a komo rigimar inda aka bar ta. Muryar ma ba tasu ba ce, wani ya rera a ɗakin ɗaukar murya, su motsa baki kawai su ke yi. Gidajen gala na birane sun gaji wannan, ga mutum a kan dandamali da ransa da lafiyarsa, amma faifai ke yi masa waƙa. Faifai kuwa ba ya kallon ƙafar kowa.

Yanzu a komo ga yarinyar nan ta gona da manemanta biyu. In labarin ƙauyen Amurka ya cika gida sau 2,212, me zai hana labarin golmo cika fili a Zuru, da Birnin Kebbi, da Sakkwato? Kayan aikin duk suna nan a kwance. Ga saurayi a shekararsa ta biyar ta noma, ga abokinsa da ya shiga soja, gama Zuru ta yi suna wajen ba da sojoji tun zamanin Turawa, ya komo hutu da albashi a aljihu yana ganin kuɗi ya isa ya fanshi shekaru. Ga uban yarinya tsakanin al'adar ubansa da bukatar gidansa. Ga ita yarinyar, wadda a dandali akan ga adonta ba a kan ji ta bakinta ba. Wasa mai waƙa shi ne zai ba ta waƙa tata ita kaɗai, ta faɗi yadda jiran shekara 7 ya ke ga mai jira. Waƙar noma ta samari a kan kunya ita za ta nuna wa baƙo nauyin aikin ba tare da an yi masa lacca ba, kokawa kuma ta zo a inda rigimar ta nuna, ta raba gardama. Bai kamata wasan ya zama na yabon golmo zalla ba, ko na zaginsa. Al'adar ta ja baya ƙwarai a wurare da yawa saboda makaranta da addini da aikin albashi, masu kallo kuwa za su zo da ra'ayi biyu, wasan da ya bar su suna musu a hanyar gida shi ya ci nasara.

Akwai wuraren taka-tsantsan. Ƙasar Zuru ta haɗa Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, sau da yawa a gida ɗaya, kuma akwai sassan biki da ke hannun dattawa waɗanda ba na nuni ba ne. Mai tsara wasa ya tambaya kafin ya taɓa, abin da aka ce ya bari ya bari. Batun harshe kuma, waƙoƙin su zauna da C'lela yadda su ke, gama waƙar da aka juya ta kan rasa gishirinta, zancen tsakani ya zama da Hausa don baƙo ya bi zaren. Tsofaffin da ke riƙe da waƙoƙin a ka su ne masu abin, a rubuta daga bakinsu da yardarsu, a ambaci sunansu, a biya su.

Gini bai zama abin damuwa ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a tsakiyar shekarun 1970, an gina gidan wasa da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, da fili a tsakiya da ɗakuna kewaye, aka yi ta wasanni a ciki ba tare da labule ba. Zuru ba ta rasa ƙasa ba ta rasa magina. Kafin a yi ginin ma, filin makaranta ya isa, da rani bayan girbi, da daren farin wata da 'yan fitilu. A zaunar da jama'a kewaye ta gefe uku, manya da ƙanana a da'ira ɗaya, a rage jawabi ya zama gaisuwa kawai. Lasifika in ta zama dole a ba mawaƙi, kada a ba faifai. Makaɗi kuwa a sa shi a inda zai ga ƙafafun masu rawa.